Wakili da wasiyyi: wa ke riƙe dukiya bayan mai ita ya rasu?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Malamai da lauyoyi, ina neman ƙarin haske. A ce dattijo ne jiki ya yi rauni, ya wakilta babban ɗansa a rubuce yana karɓar masa kuɗin haya, yana cire masa kuɗi a banki, sannan ya ce ƙaninsa ne wasiyyinsa, wato wanda zai kula da dukiyar bayan rasuwarsa. In ta Allah ta kasance, wane ne zai ci gaba da riƙe dukiyar? Kuma ƙanin yana da ta cewa tun yanzu?

Malam na Zaure:
Wa alaikumus salam. Aikin mutanen nan biyu ba ya haɗuwa a lokaci guda. Wakili yana aiki ne da izinin mai rai, ran da dattijon ya cika wakilcin ya faɗi, domin dukiyar ta koma hakkin magada. Ɗan ya zama magaji kamar sauran, girman shekaru bai ba shi iko a kan rabon kowa ba. Shi kuwa wasiyyi, muddin dattijon na numfashi ba shi da hurumin taɓa ko sisi, kuma dattijon na iya sauya shi duk ran da ya so. A mazhabar Malikiyya wasiyyi na iya janyewa tun mai wasiyya na raye, amma in ya karɓa har aka rasu, ba ya ajiyewa haka kawai.

Aikinsa a jere yake: hidimar jana'iza, sai biyan bashi (har da ragowar sadakin matar mamacin in bai cika ba), sai wasiyya, sannan gado. Misali, an bar naira miliyan 10, jana'iza da bashi sun ci miliyan 1, saura 9. Wasiyya ba ta wuce sulusi, wato miliyan 3. Ko mamacin ya ce a ba masallaci miliyan 4, ukun za a fitar sai in magada sun yarda da ƙarin. Daga miliyan 6 da ta rage, mata tana da sumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, in akwai 'ya'ya, naira 750,000. In su biyu ne ko huɗu, wannan sumunin za su raba. Magaji kuma ba a yi masa wasiyya.

Inda aka fi samun rigima shi ne kyauta. Uba ya ce "na ba 'yata wance gidan nan", amma bai fita ba, bai miƙa makulli ba, yana ci gaba da karɓar haya. In ya rasu kafin baligar 'yar ta karɓi gidan a hannunta, kyautar ta ɓaci, gida ya shiga gado. Kyautar da aka yi cikin ciwon ajali kuma hukuncin wasiyya take ɗauka.

Barista Kaduna:
Allah ya saka da alheri, Malam. A ɓangaren banki ma haka ne. Da zarar an sanar da su rasuwar za su rufe asusun, takardar wakilcin ba ta da sauran amfani. Ɗan da ya ci gaba da cire kuɗi da katin mamaci, sauran magada na iya kai shi kotu ya biya duk abin da ya cire.

Sunan da aka cike a fom a gurbin ɗan'uwa mafi kusa shi ma bai mayar da mutum mai dukiya ba, wanda za a tuntuɓa ne. Abin da banki da kamfanin fansho suka saba nema shi ne takardar shaidar mutuwa, da takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotun Jiha. Ana bayyana kadarori, a biya kaso bisa ƙimarsu. Asusun da aka manta ba a lissafa ba, sai an koma an nemi ƙari kafin banki ya saki kuɗinsa, shi ya sa ya kamata dattijon ya rubuta duk asusunsa da takardun filayensa tun yanzu. Rabon kansa kuwa, ga Musulmi, Kotun Shari'a ce ke yi in an kai mata.

Hajiya Mai Lissafi:
Barista, a ƙara da batun marayu. In akwai ƙananan yara, rabonsu yana hannun wasiyyin da uba ya naɗa, in bai naɗa ba alƙali ya naɗa. Ya buɗe littafi daban, ya rubuta abin da ya shiga da abin da aka kashe na makaranta, magani da abinci, kada ya cakuɗa da jarinsa. Idan sun balaga kuma an ga hankalin riƙe dukiya, ya miƙa musu a gaban shaidu, kamar yadda aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta umarta. Shi ma ɗan da ke wakilci yanzu ya riƙa ajiye rasit na haya da takardar bayanin asusu ta kowane wata, domin su za a fara tambayarsa ran da aka zauna lissafi. In kuma wata daga matan na da juna biyu, a dakatar da rabo sai ta haihu.