Tiyatar gwiwa ga mai hawan keke: abin da muka gani a jikinmu

Ɗan Bagalam: Assalamu alaikum. Sau uku a mako nake hawa keke bayan sallar asuba daga Maradi zuwa Madarunfa in dawo. Wata huɗu da suka wuce tayar gaba ta nutse cikin rairayi, na sauke ƙafar dama da ƙarfi, gwiwa ta murɗe, na ji wata ƙara a cikinta, kuma kafin azahar ta kumbura. Na fara zuwa wurin mai ɗori, kumburin ya saɓe, amma duk sa'ad da na juya a tsaye sai gwiwar ta zame. Hoton radiyo bai nuna karaya ba, sai da aka yi na IRM, wato hoton da ke nuna nama da jijiyoyi, aka ga cewa ta gaba daga cikin jijiyoyi biyu da suka giciye a tsakiyar gwiwa ta tsinke. Likita ya sa ranar aiki nan da mako biyar. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne har yanzu ina tuƙa keke ba tare da ciwo ba. Ina roƙon waɗanda suka riga ni su faɗa mini yadda suka shirya da yadda suka koma kan sirdi.

Malam na Ali Ɗan Sofo: Wa alaikumus salam, ƙanena, Allah ya ba da lafiya. An yi mini irin wannan aikin a 2022. Kada keken ya ruɗe ka. Tuƙa feda motsi ne na gaba da baya a layi ɗaya, ita kuwa wannan jijiya aikinta shi ne riƙe ƙashin ƙauri kada ya zamo gaba ko ya murɗe, saboda haka ba a kan sirdi ake gane rashinta ba, sai lokacin da ka dire ƙafa ba shiri.

Makonni biyar ɗin nan kada ka bar su su wuce a zaune. Abu uku kine, wato ma'aikacin asibiti mai koyar da motsa gaɓoɓi, ya nema daga gare ni kafin ranar aiki: kumburi ya tafi, ƙafa ta miƙe sarai kamar ƴar'uwarta, naman cinya na gaba ya yi ƙarfi. Nakan zauna a tabarma in naɗe tawul a ƙarƙashin diddige, in danna bayan gwiwa ƙasa, in ƙirga goma, in saki. Ba a ɗinke tsinkakkiyar jijiyar ba. A bayan cinyata aka ɗebo wata aka dasa a madadinta, wasu kuma a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa ake ɗebo musu. Duk da shirin da na yi, bayan mako uku da na auna cinyar da tef ɗin tela, ta rame da santimita 3. Da ban shirya ba, Allah kaɗai ya san abin da zai rage.

Kuskurena mafi girma shi ne matashin kai. Daren farko a gida na sa shi a ƙarƙashin gwiwa domin ya fi daɗi, na yi kwana goma a haka, sai ƙafar ta ƙi miƙewa, kuma miƙar da ita daga baya ya fi aikin kansa zafi. A ƙarƙashin diddige ake sa shi.

Uwargida daga unguwar Zariya ta Maradi: Ɗana, ni ba na hawa keke, amma na yi jinyar maigida, wanda aka yi wa aiki a Yamai, kuma akwai abubuwan da maza ba sa tunawa da su sai an dawo gida. Na farko shi ne ban-ɗaki. Masai ɗinmu na tsugunno ne, shi kuwa ba shi da halin tsugunawa, dole aka kira kafinta cikin gaggawa ya huda kujerar katako. Ka sa a yi maka tun yanzu. Haka nan ka kwana a gado mai tsayi, domin tashi daga katifar ƙasa da sandunan dogarawa wahala ce, salla kuma a kan kujera ya yi ta tsawon watanni.

Ƙanƙara ita ce ta fi ba mu aiki, saboda cikin Afrilu aka yi, ga zafi ga ɗaukewar wuta. Mukan saya da safe mu ajiye a kula, mu naɗe ta a zane, kada ta taɓa fata kai tsaye, a ɗora minti 15 zuwa 20. An kuma rubuta masa allurar hana daskarewar jini da ake yi a fatar ciki, aka gargaɗe mu cewa idan sharaɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi masa wuya, a koma asibiti nan take. Dawowar ma sai an shirya mata, tafiyar ta fi kilomita 600, don haka kujera biyu muka biya masa domin ya miƙe ƙafa, kuma a kowane zango yakan sauka ya taka kaɗan.

Matashin Tibiri: Yaya, ka tambayi likita ko guringuntsin gwiwar ya yage shi ma, domin nawa ɗinke shi aka yi tare da jijiyar, aka hana ni lanƙwasa ƙafa fiye da digiri 90 har mako shida. A wata na uku na ji garau, na fita titi ba da izini ba, akuya ta gitta, na dire ƙafar. Dashen bai tsinke ba, alhamdu lillahi, amma kumburin ya mayar da ni baya wata guda.

Malam na Ali Ɗan Sofo: Abin da yaron nan ya faɗa gaskiya ne, a waɗannan watanni ciwo ya tafi amma dashen bai gama kamawa ba. Game da komawa kan keke, a mako na biyar kine ya ɗora ni a kan keken da ba ya tafiya. Feda ba ta zagayawa sai gwiwa tana lanƙwasuwa wajen digiri 110, saboda haka ya ɗaga sirdi sama sosai, na riƙa kai ta gaba ina dawo da ita baya kamar lilo. Kwana shida ina haka, ran na bakwai ta zagaya, ta baya ma kuwa, sai da na yi ƙwalla. A gida na sa mai walda ya ƙera mini ƙarfen da ke ɗaga tayar baya, nakan tuƙa a zaure minti goma ba nauyi, ina ƙarawa kaɗan kaɗan. Titi sai a wata na biyar, kan kwalta kawai, da sassafe kafin kabu-kabu su yi yawa. Hanyar rairayi kuwa sai bayan wata tara, da aka gwada ƙarfin ƙafafun biyu aka ga sun kusa daidaita.

Ɗan Bagalam: Malam, Inna, na gode, Allah ya saka da alheri. Yau na auna cinyoyina, ta dama ta riga ta gaza da santimita 2, na rubuta a bangon ɗaki. Kafinta zai zo gobe. Malam, in babu damuwa zan zo ranar Juma'a bayan la'asar in ga ƙarfen nan na zaure, in kai wa mai walda awonsa.