Shin shekarar kare ɗaya daidai take da shekara bakwai ta ɗan Adam?

Mai garka daga Mirya:
Assalamu alaikum. Ina da kare mai gadin garkata, kuma na san shekarunsa sarai, domin an kawo mini shi yana ɗan kwikwiyo, bana shekara 9 ke nan. A ƴan watannin nan furfura ta fito masa a baki, yana jinkirin miƙewa idan ya kwanta, kuma akuya takan tsallako shinge ba tare da ya ji motsinta ba. Ɗana da ke karatu a Damagaram ya ce in ninka shekarunsa sau bakwai, wato a mizanin mutum yana da 63. Ina roƙon masu sani su faɗa mini ko wannan lissafi gaskiya ne, domin dabba ce da ta riƙe mini amana, kuma ba na son in ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Ma'aikacin lafiyar dabbobi, unguwar Birni:
Wa alaikumus salam, Malam. Wannan ninkawar ta yaɗu ne saboda sauƙinta, amma ba ta dace da yadda jikin kare yake girma ba. Karya takan kai munzalin ɗaukar ciki tun tana tsakanin wata 6 da wata 12, ta haihu bayan kwana 63 ko kusa da haka, alhali yarinya mai shekara bakwai ba ta ma gama famfara ba. Shi kuwa kare, kafin ya wuce wata 7 ya zubar da haƙoran nononsa 28, manyan haƙora 42 sun maye gurbinsu. Ma'ana, yakan yi saurin girma ƙwarai a farkon rayuwarsa, daga baya saurin ya ragu.

Ƙiyasin da likitocin dabbobi suka fi amfani da shi ga kare matsakaicin jiki shi ne a ɗauki shekarar farko a matsayin 15, ta biyu ta ƙara 9, sannan kowace shekara bayan haka ta ƙara kamar 5. Idan aka bi wannan, naka yana wajen 59. Girman jiki ma yana da tasiri, kuma a nan karnuka sun saɓa wa abin da muka saba gani tsakanin giwa da ɓera: manyan nau'o'i irin su Great Dane sukan tsufa da wuri, da yawansu ba sa wuce shekara 10, yayin da ƙananan nau'o'i sukan kai 15.

Malamin kimiyya, Zengo:
Ina ƙara haske kaɗan a kan bayanin ɗan'uwana. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego sun wallafa wani nazari a 2020, inda suka auna alamomin sinadari da ke sauyawa a kan ƙwayoyin gado yayin da jiki ke tsufa, suka kwatanta na karnuka 104 da na mutane. A lissafinsu, kare mai shekara 1 ya yi daidai da mutum mai 31, mai shekara 4 da mai 53, mai shekara 9 da mai 66, mai shekara 12 kuma da mai 71. Sai dai duk karnukan da suka auna nau'in Labrador ne, saboda haka ban ga dacewar a ɗora wannan ma'auni kai tsaye a kan karnukanmu na gida ba, waɗanda abincinsu da wahalarsu daban suke. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, lissafin ɗanka ya kauce a kan ƙuruciya, amma a shekara tara ya faɗo tsakanin sauran biyun.

Tsohon mafarauci daga Tanut:
Ɗana, mu da muka yi rayuwa da karnukan farauta, har da dogayen nan na Azawak da Buzaye ke kiwo, baki da ƙafa muke dubawa kafin mu ƙirga shekara. Idan fiƙa ta dakushe, ido ya yi yana, ƙugu ya rame, to kare ya shiga tsufa ko nawa lissafi ya ce. Ka jiƙa masa tuwo ya yi laushi, ka daina ba shi busasshen ƙashi, ka riƙa cire masa kaska, kuma a zafin Afrilu da Mayu kada ruwa da inuwa su yi nisa da shi. Jinkirin tashin nan sau da yawa ciwon gaɓoɓi ne, kada ka bar shi yana kwana a ƙasa mai sanyi lokacin hunturu.

Mai garka daga Mirya:
Na gode, Baba, na kuma gode wa malamai, Allah ya ƙara sani. Zan nemi ɗan kwikwiyo ya koyi gadi a wajensa, shi kuma in mayar da shi kusa da rumfa. Idan na shigo Damagaram ranar Alhamis zan kai shi a duba gaɓoɓinsa da kunnensa, a kuma sabunta masa rigakafin hauka.