Goyon bayan Aborijinawa a Ostiraliya: na gaske ne ko na fatar baki?

Malam Sani: Assalamu alaikum jama'a. Ga maganar da nake so mu tattauna yau, kuma zan faɗe ta yadda nake ganinta: goyon bayan da Turawan Ostiraliya ke cewa suna ba Aborijinawa, 'yan asalin ƙasar, na fatar baki ne. Hujjata ita ce ƙuri'ar raba gardama ta 14 ga Oktoba 2023. Me aka nema? A ambaci 'yan asalin ƙasa a kundin tsarin mulki, a kafa musu majalisar da za ta riƙa ba gwamnati shawara kan abin da ya shafe su. Shawara fa kawai. Ba ta da ikon hana doka, ba ta riƙe da kuɗi. Kusan kashi 60 cikin ɗari suka ce a'a, jihohi shida kaf suka ce a'a. Mutanen da Turawa suka tarar a 1788 suka ƙwace musu ƙasa, yau ko bakin magana an hana su.

Nafisa: Wa alaikumus salam Malam. Amma ai kashi 40 sun ce e. Aborijinawa da mutanen tsibiran Tores ba su kai kashi 4 cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba. Ke nan miliyoyin waɗanda suka ce e ba 'yan asali ba ne. Su kuma ina za mu ajiye su?

Malam Sani: Nafisa, dangwala ƙuri'a a Ostiraliya dole ce, wanda bai je ba tara za a ci shi. Mutum ya je layin da dama sai ya je, ya rubuta e, ya koma gidansa da ke kan ƙasar da aka ƙwace. Me ya rasa? A shekarar 2000 mutum wajen 250,000 suka tsallaka babbar gadar Sidni da ƙafa don neman sulhu. A 2008 Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa kan yaran da hukuma ta riƙa rabawa da iyayensu, mutane suka yi ta kuka a gaban talabijin. Neman gafarar bai zo da diyya ba. Har yau kusan kashi ɗaya cikin uku na fursunonin ƙasar 'yan asali ne, kuma tsawon rayuwarsu ya gaza na sauran jama'a da wajen shekara 8. Tattaki da hawaye sun sauya wannan?

Anti Rabi: Salam. Ni a birnin Darwin da ke Yankin Arewa na Ostiraliya nake aikin jinya, kuma na yi zaɓen nan domin na zama 'yar ƙasa. Malam, abu na farko, ka daina cewa Turawa kaɗai. Ni ma ba 'yar asali ba ce. Ɗan Indiya, ɗan Sudan ta Kudu, ɗan Labanan, duk wanda ya zo ya sami aiki da gida, yana cin moriyar abin da aka yi a 1788, kuma da ƙuri'unmu aka yanke hukuncin. Akwai baƙar fata irina da suka ce a'a, na ji su da kunnena. Wata ta ce mini ita ma da wahala ta zo, ba wanda ya ba ta majalisa.

Na biyu, akwai inda ka yi gaskiya. A wurin aikinmu kafin a fara taro sai wani ya karanta 'yan layuka na girmama masu ƙasa, mutanen Larrakia, da dattawansu na da da na yanzu. Wasu da zuciya ɗaya suke karantawa, wasu ido na kan waya. Ana gamawa sai a shiga lissafin gadaje. A ɗakin wankin ƙoda kuwa ga wata tsohuwa da aka kawo daga ƙauye mai nisan ɗaruruwan kilomita, sau uku a mako take hawa inji, Turanci harshenta na uku ne ko na huɗu, ana mata bayanin magani tana gyaɗa kai alhali ba ta gane ba. Ranar da aka kira tafinta ne muka san ba allura take tsoro ba, mutuwa nesa da ƙasarta take tsoro. Wanda ya dage aka kira tafintan nan wani likita ne Bature, kuma sai da ya yi ta sa-in-sa da na sama da shi a kan lokacin da hakan ke ci. Shi ba zan kira nasa fatar baki ba.

Baba Ɗanladi: Madalla 'yata. Malam Sani, ni tsohon ɗan ƙungiyar ƙwadago ne, bari in ba ka labarin da ya kamata ka sa a sikeli. A watan Agusta 1966 wasu makiyayan ƙabilar Gurindji da iyalansu, wajen mutum 200, suka bar aiki a gandun shanu na Wave Hill, mallakar kamfanin Vestey na Ingila. Jagoransu Vincent Lingiari. Ana ba su ɗan abin da bai taka kara ya karya ba da ɗan gari da shayi, ana ba Bature cikakken albashi a kan aiki ɗaya. Kamfani ya ɗauka yunwa za ta dawo da su cikin 'yan makonni. Duk wanda ya taɓa yajin aiki ya san ba shugaba ke karya yaji ba, cikin yara ne. To wa ya ciyar da su? Wani ma'aikacin tashar jiragen ruwa ta Darwin, Brian Manning, shi ya riƙa loda abinci a 'yar motarsa yana bin hanyar da ba kwalta yana kai musu. Marubuci Frank Hardy ya zauna da su, ya taimaka wajen rubuta kokensu, ya kai maganar biranen kudu. 'Yan ƙwadago suka yi karo-karo daga albashinsu. Da aka yi wa Gurindji tayin ƙarin albashi sai suka ce ƙasarsu suke so, kuma masu taimakon ba su ce musu ku yi haƙuri ku karɓi kuɗi ba, bin su suka yi. A 1975 Firaminista Gough Whitlam ya je da kansa ya zuba ƙasa a tafin hannun Lingiari. A 1976 aka yi dokar mayar da filaye a Yankin Arewa, kuma yau kusan rabin yankin yana hannun Aborijinawa. Wannan fili ne na gaske, Malam, ana iya taka shi da ƙafa.

Malam Sani: Allah ya ƙara girma Baba. Ban musanta ko ɗaya ba. Amma mutum nawa ka lissafa? Direba ɗaya, marubuci ɗaya, 'yan ƙungiya. Ni maganar al'umma nake yi. Tun 1838 akwai irinsu: da aka yi wa Aborijinawa aƙalla 28 kisan gilla a Myall Creek, mata da yara da tsofaffi, wani Bature mai gadin bukka, George Anderson, ya ba da shaida, aka rataye mutum bakwai. Sai me? Kashe-kashen suka ci gaba har cikin ƙarni na 20, kuma da wuya aka sake rataye Bature a kan ran Aborijine. Mutumin kirki ɗaya ba ya wanke gari.

Barista Auwal: Allah gafarta Malam, bari in shigo ta ɓangaren shari'a, domin ina ganin ka ɗora wa ƙuri'ar 2023 nauyin da ya fi ƙarfinta. Gyara kundin tsarin mulkin Ostiraliya sai an sami rinjaye a ƙasa baki ɗaya, sannan a jihohi huɗu cikin shida. Cikin tambayoyi 45 da aka taɓa kaiwa gaban jama'a, 8 ne kawai suka tsallake, kuma ba wadda ta tsallake ba tare da manyan jam'iyyu biyu sun yarda ba. A 1967, da aka nemi a riƙa ƙirga Aborijinawa cikin jama'ar ƙasa kuma gwamnatin tarayya ta sami ikon yi musu doka, sama da kashi 90 suka ce e, saboda ba jam'iyyar da ta fito adawa. A 2023 madugun adawa Peter Dutton, wanda ya ƙaurace wa neman gafarar 2008, ya ja jam'iyyarsa zuwa a'a, da taken in ba ka sani ba ka ce a'a. Daga nan ƙuri'ar jin ra'ayi ta yi ta zamewa.

Kuma su kansu 'yan asali ba bakinsu ɗaya ba. Sanata Jacinta Nampijinpa Price ta jagoranci a'a tana cewa abin zai raba ƙasa. Sanata Lidia Thorpe ma ta ce a'a, amma don ta ga majalisar shawara ta yi kaɗan, yarjejeniya tsakanin gwamnati da 'yan asali take so tukuna.

Nafisa: To Barista a nan ne kaina ke ɗaurewa. In ana cewa ka bi bayan masu abin, su kuma sun rabu, bayan wa za ka bi?

Anti Rabi: Ƙanwata, rabuwar ba rabi da rabi ba ce. Buƙatar ta fito ne daga taron Uluru na 2017, inda wakilan 'yan asali wajen 250 suka haɗu bayan tarukan da aka yi a sassan ƙasa. Kuma a rumfunan ƙauyukan Yankin Arewa, inda kusan kowa ɗan asali ne, e ce ta yi rinjaye sosai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu ɗauko sanata guda su ɓuya a bayanta, alhali ba su taɓa tambayar Aborijinen da suke aiki tare ba. Bayan sakamako shugabanninsu suka yi shiru na mako guda. Abokiyar aikina 'yar asali ta zo aiki a makon, ta yi komai nata daidai, amma ba ta zauna shan shayi da mu ba.

Malam Sani: Barista, ka ba ni dalilin faɗuwar, dalilin kuma ƙara mini ƙarfi ya yi. Goyon bayan da jam'iyya ɗaya za ta rushe da taken layi ɗaya, dama can ba shi da saiwa. Ga wani misali. A watan Mayu 2020 kamfanin Rio Tinto ya sa nakiya ya fasa kogunan duwatsu na Juukan a Yammacin Ostiraliya don haƙar tama. Akwai shaidar zaman mutane a wurin tun shekara 46,000. An ma tono igiyar gashin mutum mai shekara 4,000 da gwaji ya danganta da masu ƙasar na yau. Kuma da izinin hukuma aka fasa.

Barista Auwal: Ƙarasa labarin mana Malam. Shugaban kamfanin, Jean-Sébastien Jacques, da wasu manya biyu sun rasa kujerunsu, saboda masu hannun jari, ciki har da asusun fansho na ma'aikatan Ostiraliya, sun ƙi yarda a tsaya a rage musu alawus kawai.

Malam Sani: Zan ƙarasa. Jihar ta yi sabuwar dokar kare wuraren tarihi, ta fara aiki a Yulin 2023. Manoma da masu filaye suka yi ca, cikin 'yan makonni gwamnati ta ce ta janye ta. Korar shugaban kamfani bai ci kowa komai ba. Da aka zo inda mai gona zai nemi izini kafin ya yi tono a filinsa, nan take tausayin ya ƙare. Abin da nake faɗa ke nan tun farko.

Baba Ɗanladi: A nan ka kama ni da hujja mai nauyi, amma ka lura ma'auninka ya sauya. Da farko ka ce duk baki ne. Yanzu kana cewa ana gane na gaske ne a inda ya ci mutum wani abu. Wannan na yarda da shi, kuma da shi nake auna Manning.

Barista Auwal: Da shi kuma za a auna shari'ar Mabo. Eddie Mabo mai kula da lambu ne a Jami'ar James Cook. A hira da malaman tarihi, ciki har da Henry Reynolds, ya ji cewa a doka filin gidansu na tsibirin Mer, ɗaya daga tsibiran Tores, na gwamnati ne. A 1982 shi da 'yan uwansa suka shigar da ƙara, lauyoyi irin su Ron Castan suka riƙe ta shekara goma. Ranar 3 ga Yuni 1992 babbar kotun ƙasa ta yi watsi da iƙirarin cewa Turawa sun tarar da ƙasar da ba ta da mai ita. Mabo ya rasu a Janairun shekarar, bai ji hukuncin ba. Ƙarar tasa ce, sunansa ke kanta, amma ba lauyoyin da ba a kai ko'ina ba.

Nafisa: Wannan magana ta ƙasar da ba ta da mai ita ta tuna mini Abuja. Tun dokar kafa Abuja ta 1976 ake tashin Gbagyi da Koro da Gade daga ƙauyukansu, har yau suna kukan diyya. Mu da muke zaune a can, ban taɓa jin mun tsaya musu ba.

Malam Sani: Tarihin ba ɗaya ba ne Nafisa, kada mu haɗa su gaba ɗaya. Amma tambayar ta hau kanmu, kuma ya kamata mu ware mata rana. Anti Rabi, ke da kike can, bayan ƙuri'ar masu e ɗin nan sun ci gaba ko sun watse?

Anti Rabi: Da yawa sun cire allunan e daga ƙofar gida sun koma harkokinsu, wannan gaskiya ne. Jihar Kwinsland ta soke dokar shirin yarjejeniyarta a 2024. A nan Yankin Arewa, a shekarar dai, aka mayar da shekarun da za a iya gurfanar da yaro zuwa 10, kuma kusan duk yaran da ke tsare a nan 'yan asali ne. Waɗanda suka fito suka yi magana a kai, ban da iyayen yaran, likitocin yara ne da lauyoyi, ba su da yawa. Jihar Biktoriya kuwa ta ci gaba, hukumar Yoorrook da ta kafa tun 2021 ta saurari shaidu kan abin da aka yi tun zuwan Turawa.

Malam Sani: To ni ina nan kan bakana game da mafi rinjaye. Baba, a kawo mini wuri ɗaya bayan 2023 da talakan Bature mai gona ya yarda aka taɓa filinsa, sai mu sake zama.

Baba Ɗanladi: Barista, kai ke da takardu, wannan aikinka ne. Ka duba mana kafin Juma'a.