Neman shawara kan ɗora hoton yaro ɗan ƙwallo a kan filin wasa

Mai tambaya, Zariya: Assalamu alaikum. Kocin wata ƙungiyar yara 'yan ƙasa da shekara 13 ya ba ni aikin ɗaukar kowane yaro yana buga ƙwallo, sa'an nan in ɗora shi a kan hoton babban filin wasa, domin iyaye su rataye a falo. Na gwada da yara uku, amma duk wanda ya gani sai ya ce kamar an yanko yaron da almakashi an manna shi da gam. Ina roƙon magabata a sana'ar nan su nuna mini inda nake kuskure.

Mai sutudiyo, Kano: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ina kyautata zaton aikin ya lalace tun kafin ka buɗe manhajar gyaran hoto ta Photoshop. Ka fara zaɓar hoton filin, ka duba ta ina haske yake faɗowa, sa'an nan ka jera fitilunka daidai da haka. Idan filin na dare ne mai manyan fitilu, ka sa fitila biyu a bayan yaron, dama da hagu, ka ɗaga su sama da kansa don su zana farin layi a kafaɗarsa da gefen fuskarsa, ta uku kuma mai taushin haske ta tsaya a gaba. Ka kula da tsayin kyamara ma, domin filin da aka ɗauka daga kujerun 'yan kallo ba zai taɓa karɓar yaron da ka ɗauka kana tsaye a gabansa ba. Ni durƙusawa nake yi, kyamara daidai gwiwar yaro, kuma a wannan tsayin nake ɗaukar filin, da gilashin kyamarar da na ɗauki yaron da shi.

Mai ɗaukar hoto, Kaduna: Shawarata ita ce ka sayi koren ƙyalle ka rataya a baya, domin manhaja tana cire shi nan take, kuma wanda yake da yara ashirin a gabansa ba shi da lokacin bin gefen kowa da hannu.

Mai wanke hotuna, Jos: Malam, ka yi mini afuwa, ban goyi bayan koren ƙyalle ba a ƙasar da ƙungiyoyi da yawa suke saka koriyar jesi. Manhajar za ta cinye rigar tare da ƙyallen, kuma ko rigar ba koriya ba ce, launin yana komowa kan farar safa da fatar wuya, ya bar wani kore-kore da yake fitowa fili a kan takarda. Ƙyalle mai ruwan toka ya fi, kuma yaron ya tsaya kamar mita biyu daga gare shi.

Mai sutudiyo, Kano: Hajiya ta yi gaskiya. Game da motsi kuwa, saurin ɗaukar yawancin kyamarori ba ya wuce 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa idan suna aiki da filashi, saboda haka walƙiyar filashin ce take tsayar da ƙafar yaro. Ka rage hasken ɗakin, ka rage ƙarfin filashin, domin a yawancin ƙananan filashi walƙiyar tana ƙara gajarta idan an rage ƙarfi. A fili da rana kuwa, kada ka sauka ƙasa da 1/1000. Ƙwallon kuma ka rataye ta da zare a inda kake son ta, domin idon yaro ya sauka a kanta. Yaron da yake shuri idonsa yana kan kocinsa, ko ƙaramin ƙaninsa zai gane haɗi ne.

Mai wanke hotuna, Jos: Abin da ya fi tona asiri a hotunan da ake kawo mini shi ne ƙasan takalmi. Inda ƙafa ta taɓa ƙasa ana bukatar siririyar inuwa mai duhu sosai, sa'an nan wata mai faɗi da take dusashewa, ta nufi inda inuwar turken raga ta nufa. Ka bar 'yar ciyawa ta hau kan gefen takalmin. Idan za ka turo a wanke, hoto mai inci 8 da 10 yana son fiksel 2400 da 3000, kuma ka turo shi ta WhatsApp a matsayin fayil, in ba haka ba za a matse shi.

Mai ɗaukar hoto, Kaduna: Na karɓi gyara. Abin da zan ƙara shi ne ka daina kwaso filayen Turai daga intanet, domin suna da masu su, hasken ma ba irin namu ba ne. Ka nemi izini ka ɗauki filin Ahmadu Bello a nan Kaduna, ko na Sani Abacha a Ƙofar Mata da ke Kano, da yamma kafin hazon hunturu ya sauko. Kuma kada ka saka hoton yaro a Facebook sai iyayensa sun amince.

Mai tambaya, Zariya: Allah Ya saka da alheri. Na duba aikin nawa yanzu, na tarar rana tana hagu a filin, fitilata kuma tana dama. Zan sake kiran yaran ranar Asabar. Hajiya, zan turo miki na mai tsaron gida tukuna, domin shi a sama yake, ban san inda zan sa inuwarsa ba.