Muhawara: Shin alƙaluma sun isa su naɗa Hakuho gwarzon sumo?

Malamin Lissafi: Ni a ganina wannan batu bai kai a yi ja-in-ja a kansa ba. Hakuho, ɗan sumo, wato kokawar gargajiyar Japan, haifaffen Mongoliya da ya bar fage a 2021, ya cinye gasar babban rukuni sau 45, ya yi nasara a karawa 1,187, kuma sau 16 yana kammala kwana 15 na gasa ba wanda ya yi galaba a kansa. Taiho da ke biye da shi a yawan kofuna, a 32 ya tsaya.

Dattijon Fage: Malam, kafin a ƙirga kofuna sai a tambayi sau nawa aka buɗe fagen. Tun daga 1958 ake yin gasa shida a shekara, alhali a zamanin Futabayama biyu ake yi, don haka kofunansa 12 ba a auna su da mudun yau. Kuma nasararsa 69 a jere, daga 1936 zuwa 1939, tana nan daram, domin Hakuho ya kai 63 sai Kisenosato ya tare shi a watan Nuwamban 2010.

Malamin Lissafi: Na karɓi gyara, Baba, amma sai mu koma kan kashi cikin ɗari, wanda bai damu da yawan gasa ba. A 2009, da kuma 2010, Hakuho ya ci karawa 86 cikin 90.

Hajiyar Taskar Tarihi: Idan wannan ne ma'aunin, Malam, to ka miƙa rawanin ga Raiden, wanda ya yi kokawa daga 1790 zuwa 1811, ya ci 254, aka ci shi 10 kacal, amma bai taɓa samun muƙamin yokozuna, wato matsayi mafi girma a sumo, ba. Jimillar nasara ma tana ruɗi: Kaio ya tara 1,047, ya ɗara Chiyonofuji da biyu, duk da kofinsa 5 ne, na Chiyonofuji kuwa 31. Abin da adadin Kaio ya nuna shi ne daɗewa a fage.

Dattijon Fage: Hajiya ta taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Akwai kuma abin da takarda ba ta rubutawa. 'Yan gidan horo ɗaya ba sa karawa da juna sai a wasan raba gardama, don haka wanda gidansu ya tara ƙarfafa ya huta da su. Sannan ku dubi ranar ƙarshe, mutum yana da nasara 7 da faɗuwa 7, ta takwas ce za ta hana a rage masa matsayi, abokin karawarsa kuwa ya riga ya tsallake, to nan ƙofar sayar da karawa take buɗewa. A 2011 an soke gasar Osaka ta watan Maris saboda badaƙalar sayar da karawa, kuma nasarorin da aka saya an rubuta su daidai da na gumi.

Malamin Lissafi: Wannan badaƙala ba ta shafi Hakuho ba, Baba, kada a shafa masa kashin kaji.

Hajiyar Taskar Tarihi: Ba wanda ya zarge shi. Tambayata ita ce wa ya tsaya masa a gaba, domin Asashoryu mai kofi 25 ya bar fage a watan Fabrairun 2010, kuma kusan dukan jerin 63 ɗin bayan tafiyarsa aka yi shi. Ka kawo mana sakamakon karawarsu su biyu tukuna.