Wai ina aka kwana ne kan maganar rage kashe kuɗin gwamnati?

Abu_Hanif_Mararaba:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gareni musamman ga ma'aikatan Sakatariya da suke cikinmu. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya ce an cire tallafin mai ake ce mana mu yi haƙuri, ƙasa ba kuɗi, dole kowa ya tsuke bakin aljihu. Litar fetur da muke saya ƙasa da 200 ta koma 537 a nan Abuja kafin watan ya ƙare, a Oktoban 2024 gidajen man NNPC suka kai ta 1,030, kuma muka haƙura tunda ba yadda zamu yi. To su can sama me suka rage? A Fabrairun 2024 an sanar cewa majalisar zartarwa ta amince a aiwatar da rahoton Oronsaye, za a haɗe hukumomi a soke wasu. Don Allah akwai wacce wani zai iya nuna min ya ce ga ta an rufe? Ni dai abin da na gani shine sabuwar ma'aikatar kiwon dabbobi da sabbin hukumomin raya yankuna, sai gidan mataimakin shugaban ƙasa na biliyan 21, sai sabon jirgin fadar shugaban ƙasa. Ba rigimar jam'iyya nake nema ba wlh, so nake na fahimta.

Malam_Sule_Sakatariya:
Wa alaikumus salam Abu Hanif. Tambayarka a kan hanya take. Rahoton nan ba sabo bane, Jonathan ne ya kafa kwamitin a 2011 ƙarƙashin Steve Oronsaye tsohon shugaban ma'aikatan tarayya, suka miƙa rahoto a 2012. Sun ƙirga hukumomi 541, suka ce waɗanda doka ta kafa guda 263 a mayar da su 161, a soke 38 a haɗe 52. Jonathan ya tafi bai yi ba, Buhari ya yi shekara takwas ana kafa kwamiti kan kwamiti, sai wannan gwamnatin ta ce zata yi. An ce NEMA, hukumar ba da agajin gaggawa, za a haɗe ta da hukumar 'yan gudun hijira, Rediyon Najeriya da Muryar Najeriya su zama ɗaya, shekara ta zagayo kowacce na nan da shugabanta da ofishinta.

Dalilin kuwa ba ɓoyayye bane. Hukumar da doka ta kafa, shugaban ƙasa ba zai rufe ta da sanarwa ba, sai majalisa ta soke dokar ko ta gyara ta. Kuma kowace hukuma akwai kwamitin majalisa da yake sa mata ido, akwai darakta janar, akwai shugaban hukumar gudanarwa da mambobinsa, waɗannan kujerun da su ake sallamar waɗanda suka yi wahalar zaɓe. Ka ce wa ɗan majalisa ya soke hukumar da yake zuwa duba kasafinta duk shekara, ai an ba kura ajiyar nama kenan.

Tsuke aljihun da ya iso ofis kam mun gan shi, amma a ƙasa ya tsaya. A sashenmu kuɗin gudanarwa sai ya yi watanni bai fito ba, takarda da tawadar firinta karo-karo muke yi mu saya, wani lokacin fayil ɗin bawan Allah da ya zo tun daga Gombe ko Sakkwato neman haƙƙinsa zai kwanta saboda kawai ba a iya buga wasiƙa shafi ɗaya ba, kana ganinsa zaune a benci a baranda da jakar leda ya rasa ma inda zai kwana. Abin yana min ciwo sosai. Amma ka leƙo ta taga da yamma ka ga jerin motocin da ke raka oga ɗaya gida, ba abin da ya ragu.

Injiniya_Kubwa:
Ni zan ɗan saɓa da ku kaɗan. Sakar wa kasuwa mara, irin cire tallafin man nan, ba shine matsalar ba. Duk wanda ya yi wayo kafin 2001 ya san yadda samun layin NITEL, kamfanin waya na gwamnati, yake, sai kana da hanya. Aka ba MTN da Econet lasisi, da farko layi ya fi dubu 20, Glo ta shigo 2003 da cajin daƙiƙa-daƙiƙa dole sauran suka bi, yau mai tallan gyaɗa a Berger tana da waya. Shi ma tallafin mai gaskiya ba zai ɗore ba, a 2022 kaɗai ya ci sama da tiriliyan 4, kuma man da yawa Nijar da Benin da Kamaru yake tsallakawa. Atiku da Obi ma duk sun ce zasu cire da sun ci.

Inda aka yi ɓarna shine yadda aka yi da kuma lokacin da aka yi. An cire tallafi ranar rantsuwa, ba ministoci ba motocin haya na gwamnati a ƙasa ba komai, bayan sati biyu ranar 14 ga Yuni kuma babban banki CBN ya saki naira, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Alhali lokacin duk man da muke sha daga waje ake shigo da shi da dala, matatar Dangote sai Satumban 2024 ta fara fitar da fetur. Kaga duka biyu aka yi wa mutane a lokaci ɗaya. Mafi ƙarancin albashi na dubu 70 kuma sai Yulin 2024 aka sa hannu, fiye da shekara ma'aikaci yana biyan sabon kuɗin mota da tsohon albashi. Wannan ba laifin kasuwa bane, rashin tsari ne.

Maman_Ilham_Lugbe:
Injiniya ka yi bayani amma ka bar maganar wuta, ita ma ai an sayar wa 'yan kasuwa tun 2013, ina sauƙin? Ni ƙanƙara nake sayarwa da zoɓo da kunun aya, firiza biyu gareni. A Afrilun 2024 aka ce masu Band A, wato rukunin farko na masu amfani da wuta, yunit ya tashi daga wajen 68 zuwa 225 wai zasu dinga samun wuta awa 20, daga baya aka ɗan rage kaɗan. Layinmu yana ciki ba tare da kowa ya tambaye mu ba. Katin da nake sawa ya kai ni ƙarshen wata yanzu kafin na ankara mita ta fara ƙara, kuma awa 20 ɗin ba kullum ba, ranar da suka ɗauke da dare kunun aya ba ya jira, da safe zaka buɗe ka ji ya yi tsami sai zubarwa, ga aya da dabino da kwakwa duk sun yi tsada. Firiza ɗaya na kashe gaba ɗaya. Maigidana kuma ma'aikaci ne, akwai abokan aikinsa na Masaka da Suleja da suke kwana a ofis ko masallaci tsakiyar sati sai Juma'a su koma gida sbd kuɗin mota, magidanta masu iyali fa. Sannan a ce an saya wa 'yan majalisa 469 manyan motoci a 2023, a daidai lokacin da ake ce mana mu yi haƙuri. Allah ya isar mana.

Injiniya_Kubwa:
Gaskiyarki Maman Ilham, Allah ya mayar da alheri. Bambancin shine a waya in kamfani ya ɓata miki rai sai ki cire layi ki sa wani. A wuta kuwa an raba ƙasar ne kamfani 11, kowa da yankinsa, ba ki da inda za ki koma. Ba gasa, don haka sai hukumar da ke sa ido ta tsaya da ƙafarta ta tilasta musu, in ba su ba da awa 20 ba a sauke layin daga Band A. Ku haɗu da maƙwabta ku dinga rubuta lokacin da aka kawo da lokacin da aka ɗauke, ku kai ƙorafi a rubuce ga NERC, ita ce hukumar da ke sa ido kan wutar, a ƙa'ida suna da ikon sauke layin.

Baba_Alhaji_Garki:
Yarana, mu mun ga SAP, shirin gyaran tattalin arziki na Babangida, a 1986, wannan maganar ta a yi haƙuri daɗi na gaba tun lokacin muke jin ta. A 1994 Abacha ya ƙara kuɗin mai ya kai naira 11, amma ya kafa PTF, asusun yin ayyuka da rarar kuɗin man, ya ba Buhari, ko me za a ce a kanta mutum yana shiga asibiti ya ga magani da tambarin PTF, ya hau titi ya ga allonta. An karɓa a hannunka, an nuna maka abin da aka yi da shi. A 2012 Jonathan ya kai lita 141 daga 65, aka yi yajin aiki ya dawo 97. Yanzu kuɗin da aka daina biya na tallafi yana shiga asusun da ake rabawa duk wata tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi, kason gwamnoni ya ƙaru sosai, amma kowa idonsa na kan Aso Rock ba mai tambayar gwamnansa. Kotun ƙoli ma ta yi hukunci a Yulin 2024 a dinga ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Abu Hanif kai da kake Mararaba, ciyaman ɗin Karu da gwamnatin Nasarawa su ma suna cikin waɗanda ya kamata ka yi wa wannan tambayar.

Abu_Hanif_Mararaba:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Malam Sule a ina mutum zai ga nawa Karu take samu duk wata? Muna da ƙungiyar unguwa, ina so na kai musu a zamanmu na gaba.

Malam_Sule_Sakatariya:
Hukumar ƙididdiga NBS tana fitar da rahoton rabon FAAC, wato rabon nan na duk wata da Baba ya ambata, a shafinta, jiha-jiha har da ƙananan hukumomi, sai dai yakan zo a makare da wata ɗaya ko biyu. In ka kasa samu ka min magana, zan duba in turo maka na Karu.