Musayar baitoci: arba'in ɗin Malama mai kwarashi

Mai Alli:
Jama'a, yau kwana 40 da rasuwar Malamarmu ta aji huɗu. Shekara 35 tana koyarwa kafin ta yi ritaya ta koma saƙa. Na buɗe da ƙwar huɗu, babban amsa-amo "ta". Kowa ya ɗora.

Ya Rabbi ji ƙan uwa ta gari,
Ta nuna mana baƙi da fari,
Ta raba mu da jahilci da wuri,
Ka sa Aljanna makomarta.

Alli a hannu, ulu bisa cinya,
Tana saƙa, muna bin hanya,
"Bakwai sau takwas?" In ka yi ƙarya,
Rula ce za ta yi aikinta.

'Yar Kurna:
Amin, Yaya. Ni 1976 nake tunawa, shekarar da aka fara UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa.

Shekarar UPE ta zo zaurenmu,
Ta durƙusa ta gai da babanmu,
Ta ce "Ba ni 'yar nan," ya ce "Tallanmu?"
Ta saye goron har da farantinta.

Sati guda cur tana sayen goron nan, ita da ko ɓari ba ta ci. Baba ya ji kunya ya sake ni.

Ɗan Santsi:
Mai Alli, faɗi gaskiya, kar ka rufe,
Bakwai sau takwas a kanka ta kafe,
Ka maimaita aji, hawaye ya ƙafe,
Kai ka cinye rabin rularta.

Mai Alli:
Na maimaita aji, ban musa ba ƙanena,
Amma ban sauya sheƙa ba a zamanina,
Santsi ya kwashe ku, na gani da idona,
Ita ko taɓo ta riƙe har rasuwarta.

Ɗan Santsi:
Au, abin ya koma rikicin jam'iyyar PRP, mu santsi na Gwamna Rimi, ku taɓo na Malam Aminu Kano? To bismilla.

Wa ya kashe haraji da jangali? Rimi.
Wa ya kai wa manya yaƙin neman ilimi?
Ku kuna gefe kun zuba uban tagumi,
Ajin dare na matan aure ai nan ta ba da gudummawarta.

Sarkin Ƙafa:
Inna lillahi! Ɗan Santsi, ɗangonka na farko gaɓa 13 ne, na ƙarshe 19. Ina ka samo shidan nan? Wannan ba zihafi ba ne, ba illa ba ce, wato sauye-sauyen da ma'aunin waƙa ya yarda da su, karaya ce tsagwaronta. Kai ma Mai Alli kar ka yi dariya, ka fara da wani kari ka ƙare da wani.

Baiti ya fito yana ɗingishi,
Ƙafa uku lafiya, ɗaya na nishi,
Ku kai shi ga mai ɗori ya duba shi,
Kafin ku kai shi ga kabarinta.

Ɗan Santsi:
Malam, ana makoki kana ƙirga gaɓa,
Kamar mai awon gero a bakin gaɓa,
Mutadarik ɗinka ba ya hana ni taɓa
Alƙalami in yabi halinta.

Sarkin Ƙafa:
"Gaɓa" sau biyu a amsa-amo. Talauci ke nan. Kuma ban ambaci karin Mutadarik ba, kai ka jawo shi don mutane su ce ka sani. Duk wanda ya zauna kusa da Malama ya ga yadda take yi: in ta kuskure layi ɗaya a hular jariri, sai ta zare kwarashi ta warware har inda kuskuren yake, ko da saura kaɗan ta gama. Wadda ta yi haka ce za a yi wa waƙa da zare a sake?

'Yar Kurna:
Haba Malam, ku bar mu mu yi kukanmu. Ni ko sunan kari ɗaya ban sani ba.

Ɗan Santsi:
Bar shi, Anti. Ya kawo nasa baitin yabon mu gani, tun ɗazu gyara kawai yake.

Mai Alli:
A nan kam ina bayan Ɗan Santsi, karo na farko tun 1980.

Goggon Yara:
Ku yi haƙuri, sai yau jikata ta karanta mini, kwana uku ke nan da kuka yi ta yi. Tare muka koyar da ita. Ku 'ya'yan nan kuna faɗa a kan santsi da taɓo, ita tun tana yarinya "Sawaba" ta tashi tana ji a gidansu, zamanin jam'iyyar NEPU mai alamar tauraro. Hajiya Gambo ce gwanarta. A zaɓen 1979 gida-gida ta bi tana fito da mata su dangwala wa makulli, alamar PRP. Washegarin ran 17 ga Afrilun 1983 da rediyo ya faɗi rasuwar Malam Aminu, a aji take. Ta ajiye alli ta juya wa yara baya ta daɗe. Amma ajin daren da Ɗan Santsi ya faɗa gaskiya ne, ta koyar, ba ta ce na wane ne ba.

Ga nawa, Sarkin Ƙafa ka ƙirga in ka so.

Da fansho ya maƙale wata da watanni,
Layin tantancewa, rana da sassafe da yini,
Da ulu a jaka take zuwa, ta ce da ni,
"Zauna, 'yar'uwa," ta ci gaba da saƙarta.

Hula da safa da rigar sanyi,
Su suka ci da ita lokacin da aka yi,
Na masu hali ta sa kuɗi, ba tsada ta yi,
Na marayu kyauta, ran suna ta kai da kanta.

Ɗan Santsi:
Goggo, na durƙusa. Rigar sanyin da aka yi sunan ɗana na fari da ita, shuɗiya mai ratsin fari, ita ta saƙa. Har yau tana cikin akwati.

Sarkin Ƙafa:
Allah ya ji ƙanta, Goggo. Ba zan ƙirga ba.

Sai dai "yi" sau biyu a baiti na biyu...

Mai Alli:
Malam!

Goggon Yara:
Ƙyale shi, ɗana, ita ma da ta gani sai ta sa na sake. Akwai hula ja da ta bari ba ta ƙarasa ba, kwarashin na soke a jiki. 'Yar Kurna, kin iya saƙa? In kin shigo unguwa ki biyo ki karɓa.